Yadda Ake Bi da Abin da Ya Tokare Bakin Inji Yayin Huda Kankare

Duk wanda ya saba huda bango ko daɓen kankare ya san lokacin da aiki ke juyawa. Inji yana tafiya lami lafiya, ƙura mai launin toka tana zubowa daga ramin, sai kwatsam bakin hudar ya daina shiga, ƙarar injin ta canza, ƙurar ta ɗauke. Abin da akasarin masu aiki ke yi a wannan lokaci shi ne su jingina ƙirji a bayan injin su danna da dukkan nauyin jikinsu, kuma daga nan ne ake samun ƙonewar bakin huda, da gocewar wuyan hannu, da ɓarnar da ta fi waɗannan girma a jikin ginin kansa. Abubuwa huɗu ne suka fi tokare hanya a cikin kankare: tsakuwa mai tauri, rodi, bututun wayar lantarki ko na ruwa, da kuma igiyar ƙarfe da aka ja aka ɗaure da ƙarfi a cikin wasu manyan gine-gine. Tsakuwa farfasa ta ake yi, rodi kauce masa ake yi, sauran biyun kuwa ba a taɓa su ko kaɗan. Tun da maganin kowanne ya saɓa wa na ɗan'uwansa, babban aikin mai huda shi ne ya gane wanne ya ci karo da shi kafin ya sake taɓa makunnin injin.

Dalilin da ya sa bakin huda ke tsayawa

Bakin huda na kankare ba yanka yake yi ba, daka yake yi. A kansa akwai ɗan guntun ƙarfe mai suna tangistin kabaid, wanda taurinsa ya kai kusan 9 a ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai, ma'aunin da ya tsaya a 10 kan lu'ulu'u. Injin yana buga wannan kai a jikin kankare yana juya shi, kankaren yana marmashewa, murɗaɗɗen jikin ƙarfen kuma yana fitar da garin waje. Dutsen ƙanƙara, wanda ke yawan shiga cikin tsakuwar gini, yana da tauri 7 a wannan ma'auni, saboda haka kabaid ya fi shi tauri, sai dai idan bugun injin ba shi da nauyi, kan zai riƙa zamewa a kan dutsen yana goge shi har ya yi santsi, zafi kuma yana taruwa. Rodi kuwa bai kai tsakuwa tauri ba, amma ƙarfe ba ya marmashewa idan an buge shi, lotsewa kawai yake yi, don haka bugu dubu ba zai ci shi ba. Abin da zai faru shi ne kabaid ɗin, wanda duk da taurinsa yana da saurin ɓallewa, ya tsage ko ya fita daga mazauninsa idan zafi ya narkar da likin da ke riƙe da shi.

Nau'in injin ma yana da tasiri sosai. Ƙaramin injin huda mai bugu yana samar da bugunsa ne ta hanyar fayafai biyu masu haƙora da ke gogar juna, bugun yana da yawa amma ba shi da nauyi, kuma ya dogara da dannawar mai aiki. Ya wadatar a bulo da shafen siminti, amma a kankaren da ya daɗe da bushewa yakan gaza da zarar ya haɗu da babbar tsakuwa. Injin da ke bugu da fistin da iska, wanda ake ɗaura wa baki mai gindin SDS, wato gindi mai tsagogi da ke barin bakin ya zame gaba da baya a cikin injin, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1975, yana ba da bugu mai nauyin jul 2 zuwa 4 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugun) a ƙananan samfura, kuma shi kansa ne ke samar da ƙarfin. Danna irin wannan inji fiye da kima ba ya ƙara masa komai, rage masa aiki ma yake yi. Da yawa daga cikin matsalolin da ake ɗora wa tsakuwa suna gushewa da zarar an koma ga wannan inji da sabon baki.

Kafin a fara huda

Hanya mafi sauƙi ta magance abin da ke tokare baki ita ce a san inda yake tun kafin a fara. Idan akwai zanen ginin, a duba shi. Idan babu, a dubi bangon da kyau: wayoyin lantarki galibi suna tafiya a miƙe zuwa sama, ko ƙasa, ko gefe daga soket da makunnin fitila, saboda haka duk wurin da ya yi layi ɗaya da su abin zargi ne, haka ma bangon da ke bayan famfo ko banɗaki. Na'urar gano ƙarfe da waya ta hannu tana nuna rodin da ke kusa da fuskar kankare, kuma ya kamata a bi da ita a tsaye da kuma a kwance, a yi alama da alli a duk inda ta nuna, har sai tsarin rodin ya bayyana a fili. Maganaɗisu mai ƙarfi da aka rataya a zare yakan karkata zuwa inda rodi yake idan bai yi zurfi ba. A manyan ayyuka, musamman a daɓen bene, ana kiran masu na'urar rada da ke hango abin da ke cikin kankare, har da bututun roba wanda na'urar gano ƙarfe ba ta iya ji.

Sai a naɗa salatif a jikin bakin hudar daidai zurfin da ake bukata. Amfanin wannan alama bai tsaya ga hana wuce gona da iri ba, domin ita ce za ta nuna a wane zurfi bakin ya tsaya, kuma zurfin shaida ce babba. A sa tabarau na kariya, da abin toshe kunne, da takunkumin da ke tace ƙura mai laushi irin N95 ko FFP2 ko wanda ya fi su. Ƙurar kankare tana ɗauke da silika mai lahani ga huhu, wadda cibiyar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji tun 1997, kuma kyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. A ɗaura marikin gefe na injin a riƙe shi da hannu biyu, a tsaya da ƙafafu a ware, domin idan baki ya maƙale, injin ne zai juya a hannun mai aiki.

Mataki na farko: a tsaya

Da zarar bakin ya ɗauki daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar bai ƙara shiga ba, a saki makunni, a zaro shi. A duba kansa: idan kabaid ɗin ya dakushe, ko ya tsage, ko ƙarfen ya yi shuɗi saboda zafi, to wataƙila babu wani abin da ya tokare hanya, bakin ne ya mutu. A bar shi ya huce a iska. Akwai masu tsoma shi cikin ruwan sanyi yana zafi, amma wannan saurin sanyaya yana iya tsaga kabaid ɗin, saboda haka ya fi kyau a samu baki biyu ana musanya su. Sannan a fitar da garin da ya cika ramin da ɗan famfon hura iska ko injin zuƙar ƙura, domin garin da ya dunƙule a ƙasan rami yana shanye bugu, har mutum ya zaci dutse ne. Kada a hura da baki, garin zai koma ido da huhu.

Mataki na biyu: a gano abin da ke ciki

Wannan shi ne matakin da ya cancanci a ba shi lokaci. A haska tocila cikin ramin. Idan rodi ne, za a ga wani ɗan wuri yana sheƙi a ƙasan ramin ko a gefensa, inda kabaid ya goge ƙarfen. Idan tsakuwa ce, za a ga fuska mai santsi da launinta ya bambanta da tokar siminti, fari ko ja-ja ko baƙi, amma ba ta walƙiya irin ta ƙarfe. A zura siririn maganaɗisu, ko dogon sukudireba da aka manna wa maganaɗisu a gindi: idan ya kama ƙasan ramin, ko ya fito da ɓarɓashin ƙarfe a jikinsa, to ƙarfe aka ci karo da shi. A tattara garin da ya zubo a tafin takarda a duba shi a haske. Ƙananan ɓarɓashi masu ƙyalli alamar rodi ne, masu launin jan ƙarfe alamar waya ce ko bututun tagulla, ɓawon roba fari ko baƙi ko mai launi alamar bututu ne, roba haɗe da giris kuma alama ce ta igiyar ƙarfen da za a yi bayaninta a ƙasa. Garin da ya fito da danshi yana nufin an kusanci ruwa ko an riga an taɓa shi.

Kunne ma yana taimakawa. A kan tsakuwa ƙarar injin takan yi kauri da nauyi, a kan ƙarfe kuwa takan yi kaifi, injin yana tsalle yana dawowa hannu. Zurfin kuma yana ƙara tabbatarwa. Ana binne rodi ne a bar masa rufin kankare don kare shi daga tsatsa da wuta, kuma wannan rufi yakan kama daga milimita 20 zuwa 40 a daɓen bene da bim da ginshiƙi, ya kai 50 zuwa 75 a tushen gini da ke haɗuwa da ƙasa. Idan aka cire kaurin shafe aka ga bakin ya tsaya a cikin wannan iyaka, a ɗauka rodi ne har sai an tabbatar da akasin haka. Akwai kuma alamar da ta saɓa wa duk waɗannan: idan bakin ya zurma ba zato ba tsammani kamar ya faɗa cikin fili, a tsaya nan take, domin ko dai gurbi ne da ya rage lokacin zuba kankare, ko kuma an huda bututu.

Mataki na uku: idan tsakuwa ce

A nan hanyar magina ta da can tana nan da amfaninta. A samu kurfi mai tsini ko doguwar ƙusar kankare da ba ta kai faɗin ramin ba, a zura har ta zauna a kan dutsen, a buga da guduma mai nauyi sau uku zuwa biyar, a ɗan juya ta, a sake bugawa. Manufar ita ce a tsaga fuskar dutsen da ta yi santsi don kabaid ya samu wurin kamawa, ba a ratsa dutsen da ƙusa ba. A fitar da garin, a mayar da injin, a fara a hankali. Tsakuwar da ake amfani da ita a yawancin gine-gine ba ta cika wuce milimita 20 ba, saboda haka bayan zagaye biyu ko uku na bugu da huda za a ji bakin ya wuce ta ya koma tafiyarsa. Idan ramin yana kusa da gefen kankare, a rage ƙarfin guduma, domin bugu mai nauyi a kusa da gefe yana iya ɓallo kusurwar gaba ɗaya.

Wata dabara ita ce a fara da ƙaramin baki, misali mai milimita 5 ko 6, domin yana tattara ƙarfin bugu a ɗan ƙaramin wuri, sannan a bi da bakin da ake bukata. Dabarar tana da amfani ga ƙaramin inji, amma a kula lokacin faɗaɗawa, domin babban baki mai haƙora biyu yakan cije gefen ƙaramin rami ya maƙale. A duk tsawon aikin a riƙa zaro bakin kaɗan-kaɗan yana juyawa don garin ya fita.

Mataki na huɗu: idan rodi ne

Kankare yana jure nauyin da ke danna shi, amma ba ya jure ja, kuma rodi ne ke ɗaukar wannan ja. Duk sandar da ke cikin bim ko ginshiƙi ko linta an lissafa ta, kuma yanke ta yana rage wa ginin ƙarfi ta hanyar da ido ba zai gani ba a ranar. Wurin da ya fi haɗari shi ne barandar da ta fito daga jikin bene ba tare da ginshiƙi a ƙarƙashinta ba, domin rodin da ke riƙe da ita yana kusa da fuskar sama, daidai inda masu kafa ƙarfen kariya ke huda. A ganina, a ayyukan gida na yau da kullum, irin su rataye kanta ko na'urar sanyaya ɗaki, babu wani dalili da ya isa a yanke rodi. Sauya wurin rami ya fi sauƙi, ya fi arha, kuma ba ya barin abin damuwa a baya.

Sauyawar ma tana da ƙa'ida. Rodi yana tafiya a layi, kuma a daɓe da bango an saƙa shi ne a tsaye da a kwance, da tazarar da ta kan kama daga santimita 15 zuwa 30. Wanda ya matsa ramin a miƙe ba tare da dubawa ba yana iya sake faɗawa kan sandar da ya gudu. A haska tocila a ga inda sandar ta nufa, a matsa zuwa gefenta, kuma idan ba a iya ganewa ba, a matsa a karkace, wato gefe da sama a lokaci ɗaya. Game da nisa, takardun umarnin ƙusoshin da ke ɗaukar nauyi sukan nemi sabon rami ya yi nesa da wanda aka bari da akalla ninki biyu na zurfinsa, sai dai idan an cike tsohon da kwaɓin siminti mai ƙarfi, a nan ana iya matsowa kusa. Idan ramukan ƙarfen da za a kafa sun riga sun ƙayyade wuri, sau da yawa ya fi dacewa a huda sabon rami a jikin farantin ƙarfen, ko a samu faranti mai dogayen ramuka, maimakon a tilasta wa kankare. Idan kuma abin da za a rataya ba shi da nauyi, kuma zurfin da aka samu kafin rodin ya ishi gajeriyar fisha, wato robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama, da sukurunta, ana iya tsayawa a nan.

Akwai lokacin da wurin ramin ba ya sauyuwa, kamar a kafa injin masana'anta ko ginshiƙin ƙarfe. A nan injiniyan gini ne ke da ikon cewa a yanke ko kada a yanke, kuma ya kamata a samu amincewarsa a rubuce. Idan ya amince, ana amfani da baki na musamman na yankan rodi wanda faɗinsa ya yi daidai da ramin. A huda da bakin kankare har a isa ga ƙarfen, a share ramin, a ɗaura bakin yankan, a kashe bugu a bar juyawa kaɗai, a tafi da sauri kaɗan da dannawa madaidaiciya har a ji ya ratsa, a fitar da guntun ƙarfen da ɓarɓashinsa da maganaɗisu, sannan a koma bakin kankare a kunna bugu a ƙarasa. Barin bugu a kunne yana karya haƙoran bakin yankan cikin ɗan lokaci. Bakin huda ƙarfe na gama-gari yana dakushewa da zarar ya gogi kankaren da ke kewaye, man da ake zuba masa kuma yana ɓata ramin idan da gam za a kafa ƙusar. Baki mai haƙora huɗu da aka yi kansa gaba ɗaya da kabaid yana jure karo da rodi ba tare da maƙalewa ba, kuma ya dace da duk kankaren da ke da ƙarfe, amma jurewarsa ba izini ba ce ta ratsa rodi. Ga manyan ramuka ana amfani da injin da ke yanka da zoben lu'ulu'u da ruwa, wanda ke ratsa tsakuwa da ƙarfe ba tare da mai aiki ya ji wani babban bambanci ba, kuma saboda haka ne binciken wuri kafin a fara ya zama wajibi a kansa fiye da kowane inji.

Mataki na biyar: idan bututu ne, ko waya, ko igiyar ƙarfe

Idan aka ga ɓawon roba ko jan ƙarfe, a saki injin, kada a taɓa bakin hudar, a je a kashe wutar daga babban makunni, sannan a kira mai aikin lantarki ya buɗe wurin ya gyara. Wayar da aka ɗan yaga rigarta tana iya ci gaba da aiki na watanni tana zafi a cikin bango, saboda haka kasancewar fitila na kamawa ba hujja ba ce cewa komai lafiya. Idan ruwa ne ya fito, a rufe babban famfo, a kashe wutar ɓangaren. Idan aka ji warin iskar gas, kada a kunna ko a kashe wani makunni a wurin, a buɗe tagogi, a rufe gas daga tushensa, a fitar da mutane.

Igiyar ƙarfen da ake ja bayan kankare ya bushe ana samunta a daɓen manyan benaye, da wuraren ajiye motoci masu hawa, da gadoji. Kowace igiya wayoyi bakwai ne a murɗe, kaurinta milimita 12.7 ko 15.2, kuma tana ɗauke da jan da ya haura tan 10. Idan aka yanke ta tana iya fasa kankare ta yi tsalle, ko ta fita ta gefen ginin da ƙarfin da zai iya kashe mutum, ban da raunin da daɓen zai samu. Wani lokaci ana gane irin wannan gini ta jerin ƙananan facin siminti a gefen daɓen, inda aka toshe bakin igiyoyin. A irin wannan daɓe ba a huda ko ƙaramin rami sai da zanen gini da binciken rada, kuma idan giris ya fito daga rami, aikin ya tsaya har sai injiniya ya zo.

Idan bakin ya maƙale a ciki

Wannan yakan faru ne idan bakin ya gogi gefen rodi ya cusa kansa tsakanin ƙarfe da kankare. A cire filogi ko batir, a kwance injin daga bakin, a kama gindin bakin da filaya mai kulle ko sifana, a juya shi baya a hankali ana ja. Kada a buge shi ta gefe ko a yi ta lanƙwasa injin, domin hakan yana karya bakin a ciki kuma yana faɗaɗa ramin. Idan ya karye a zurfin da ba a iya kamawa, a yanke abin da ya fito, a rufe wurin, a huda wani.

Kammala ramin da rufe wanda aka bari

Ramin da aka yi fama da shi yakan fi yadda ake so faɗi, ko ya karkace. A gwada ƙusar ko fishar: idan ta shiga da hannu tana rawa, ba za ta riƙe nauyi ba, sai a koma ga wadda ta fi ta girma, ko ga ƙusar da ake kafawa da gam na musamman. Kafin a kafa kowace iri, a hura ramin, a goge shi da siririn buroshi, a sake hurawa, domin garin da ya rage yana hana gam kama kankare kuma yana rage riƙon ƙusa ƙwarai. Ramin da aka bari, musamman wanda rodi ya bayyana a cikinsa, a share shi, a jiƙa shi kaɗan, a cike shi tun daga ƙasa har baki da kwaɓin gyaran kankare marar tsukewa, a danna shi sosai don kada iska ta rage. Idan aka bar shi a buɗe, danshi zai kai ga ƙarfen, tsatsa ta kumbura shi, kankaren da ke kansa ya tsage ya ɓalle. A bar kwaɓin ya yi ƙarfi gwargwadon kwanakin da aka rubuta a jikin buhunsa kafin a ɗora nauyi a kan ƙusar da ke kusa da shi.